"Core i7 ce" ba amsa ba ce

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar kwamfuta, a titin Beirut na Kano ko a Computer Village ta Ikeja, ya san kirarin da mai shago ke fara yi wa hajarsa: "Core i7 ce." Matashin da ya daɗe yana tara kuɗi don wasannin bidiyo, ko yaɗa su kai tsaye, ko tace finafinai, sau da yawa a nan yake sakin jiki ya biya.

A ganina sunan kaɗai ba ya nuna komai. Tun 2008 Intel ke fitar da i7, kuma i7-4770 da ake samu a kwamfutocin ofis na gwanjo ta fito ne a 2013. Windows 11 ba ta karɓar irinta a hukumance, ga shi Microsoft ta janye tallafin Windows 10 a Oktoban 2025. Lambar da ke bayan sunan ita ce abin tambaya.

Katin girafik ya fi ma wannan muhimmanci, domin shi ke ɗaukar nauyin wasa. Na Nvidia suna da wani sashe, NVENC, mai sarrafa bidiyon da ake yaɗawa ba tare da an gajiyar da furosesa ba. Sai dai kati mai ƙarfi yana jan wuta, siraran akwatunan ofis kuwa na'urar wutarsu sau da yawa ba ta kai wat 300 ba, kuma ba kowace ke sauyuwa ba. Sai mutum ya sayi kati ya rasa inda zai sa shi.

Ni dai ba na biya sai an kwance murfin a gabana, ko da mai shago zai ɓata rai.