Sauya Wurin Aiki Ba Ya Maganin Kishi

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Katsina ya san Kankiya, ya kuma san irin nauyin da ke kan babban asibitin garin. Can ake garzayawa da wanda hatsarin mota ya rutsa da shi, can kuma mutanen ƙauyuka irin su Fakuwa da na ƙasar Kusada sukan kai mai naƙudar da jini ya ɓalle mata da tsakar dare. A irin wannan sa'a, bayan ikon Allah, ran mutum yana hannun direban motar asibiti, da nas, da mai awon jini, da mai ba da magani, da likita. In ɗayansu ya tashi ba a maye gurbinsa ba, ko kuwa biyu daga cikinsu ba su ga-maciji, to, majinyaci ne zai kwana a ciki.

Ba wanda zai musa cewa ma'aikatan gaggawa suna yawan sauya iyayen gida. Na ƙaramar hukuma yana hangen aikin jiha, na jiha yana hangen asibitin tarayya da ke Katsina, wani kuma ya koma wa ƙungiyoyin agaji irin su MSF, wadda ta fara aikin yaƙi da tamowa a Katsina a 2021. Wasu ma ƙasar suke bari ɗungurungum. A farkon 2024 hukumar da ke rajistar nas-nas da ungozoma ta ce fiye da 42,000 sun fita waje cikin shekara uku. In ka tambayi dalili sai a ce maka albashi. Gaskiya ne, amma akwai wani dalili da ba a rubuta shi a takardar ajiye aiki, watau kishi da gaba tsakanin abokan aiki.

Wannan ciwo kuwa daga sama ya faro. Tun da aka raba tsarin albashin likitoci da na sauran ma'aikatan lafiya a 2009, ƙungiyar likitoci ta NMA da haɗaɗɗiyar ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta JOHESU suke ja-in-ja a kan matsayi da shugabancin asibitoci. Shugaba Jonathan ya kafa kwamiti a ƙarƙashin Alhaji Yayale Ahmed don daidaita tsakani, ya miƙa rahotonsa a 2014, amma duk da haka a 2018 JOHESU ta yi yajin aiki na kusan mako shida. Abin da manya suka shuka a Abuja shi ne ƙanana suke girba a ɗakin gaggawa, inda ake gardamar wane ne zai ba wani umurni alhali mutum yana kwance yana zubar da jini.

Ra'ayina shi ne, neman ci gaba hakkin ma'aikaci ne, ba cin amana ba ne. Amma wanda ya tashi don gudun abokin gaba kawai, ya sani yana iya gudun gara ya faɗa gidan zago. A sabon wuri zai tarar da waɗanda suka daɗe suna jiran matsayin da aka ba shi, kuma in ya shiga yana cewa "a wurinmu ba haka ake yi ba," to, ya sayi gaba tun ranar farko. Abin da ya fi masa shi ne ya kama bakinsa, ya koyi tsarin wurin, ya ƙi shiga kowane ɓangare, ya bar aikinsa ya shaide shi.

Haka kuma in za a fita, a fita ta ƙofa. A ba da wa'adin da dokar aiki ta tanada, a nemi takardar sauyin aiki don kada shekarun da aka yi su salwanta, a miƙa makullai da littafin magunguna a rubuce. Direban da ya san hanyar da takan yanke da damina, ya san gidan mai unguwa a kowane ƙauye, wajibi ne ya zaga da magajinsa kafin ya tafi. Aikin lafiya a jiha ɗaya ɗan ƙaramin gida ne, wanda ka yi wa baram-baram yau gobe shi ne zai karɓi majinyacinka.

Su kuma shugabanni, su sani dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kiwon lafiya na matakin farko don wannan aiki. A 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin motocin gaggawa na NEMSAS. To, amma mota da kuɗi ba su haɗa kan mutane. Ya kamata a rubuta aikin kowa a manna a bango, a riƙa raba aikin dare da zuwa kwas da ƙarin girma a fili bisa ƙa'ida, sa'an nan duk wanda zai tafi a zauna da shi a ji abin da ya kore shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, galibin gaba kuwa daga son kai wajen rabon waɗannan abubuwa take tasowa.

Daga ƙarshe ina kira ga ɗalibanmu na makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, waɗanda gobe su ne za su riƙe waɗannan ɗakuna, kada su gaji rigimar da ba su san mafarinta ba. Mutumin Fakuwa da ya ɗauko matarsa cikin dare bai san bambancin wannan ƙungiya da waccan ba, hannun da zai taimake shi kurum yake nema. Allah Ya sa mu gane, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.