Cinikin gida a Gure: takarda ce ke tsare mai saye da mai sayarwa

Garin Gure, fadar gundumarsa a jahar Damagaram, yana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 wadda ta haɗa Damagaram da Difa. Tun lokacin da aka shimfiɗa kwaltar Hanyar Haɗin Kai zuwa Gigimi, da taimakon ƙasar Kanada a farkon shekarun 1970, garin yake ta buɗewa. Sababbin unguwanni sun fito a gefen gari, kuma cinikin gida, wanda a da ake ganin kamar abin kunya ne ga magidanci, ya zama ruwan dare.

Masu sayarwa iri uku ne. Akwai ma'aikacin gwamnati da aka canza wa wurin aiki, akwai magada masu son raba abin da mahaifinsu ya bari, akwai kuma wanda fari ko rashin lafiya ya matsa masa. Masu saye kuwa yawancinsu ƴan kasuwa ne, da makiyayan da ke son mayar da wani kashi na dabbobinsu dukiyar da fari ba ya kashewa.

A Gure ba faɗin fili kaɗai ke yanke kuɗin gida ba. Mai saye yana duba kusancin gida da kwalta, da kasuwa, da famfo, da wayar lantarki. Yana duba ko ginin laka ne ko na siminti. Fiye da kome yana duba rairayi, domin ƙasar Muniyo ta daɗe tana fama da tuddan rairayi masu tafiya da iska. Gidan da ke bakin tudun da ba a dasa wa itatuwa ba, kuɗinsa yakan faɗi, kome kyan gininsa.

To amma babbar matsalar ita ce ta takarda. Gidaje da yawa an same su ne ta gado ko ta kyautar sarauta, ba tare da rubutu ba. Dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga watan Maris na 1993 ta amince da mallakar ƙasa ta gargajiya, ta kuma kafa kwamitocin kula da ƙasa waɗanda ke ba da takardar shaida. Sai dai gonar da ke bakin gari, idan aka yanka ta filayen gini, takardar da mai fili ke riƙewa ita ce ta ma'aikatar magajin gari. A wannan mahaɗa tsakanin gona da unguwa ne rigima ta fi yawa: fili ɗaya a sayar wa mutum biyu, ko ɗan'uwa ɗaya ya sayar da gidan gado ba da sanin sauran ba.

Shari'ar Musulunci ta yi wa wannan magani tun tuni. A mazhabar Malikiyya, wanda yake tarayya cikin gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato shi ya fi cancanta ya sayi rabon ɗan'uwansa a kan kuɗin da baƙo ya biya. Saboda haka cinikin da aka ƙulla a ɓoye yana iya warwarewa bayan an kashe kuɗi wajen gyara.

Ita ma takardar magajin gari ba ita ce ƙarshe ba. Mallaka tabbatacciya tana samuwa ne da takardar ma'aikatar filaye ta ƙasa. Domin sauƙaƙa samunta ne gwamnati ta fito da takardar da ake kira Sheda a 2006. Gidan da ke da irin wannan takarda banki yana karɓarsa jingina, kuma darajarsa ta fi ta maƙwabcinsa.

Don haka mai son sayar da gida ya kamata ya bi matakai huɗu. Ya sami yardar dukan magada a rubuce. Ya daidaita da dillali a kan la'ada tun kafin a yi tayi. Ya karɓi kuɗi gaban shaidu, a rubuta adadin da aka biya na gaskiya, kada a rage shi don gudun haraji, domin ranar shari'a abin da aka rubuta shi alƙali zai duba. Daga ƙarshe su je tare da mai saye a canza suna a takarda.

A nan ne amfanin yaƙi da jahilci yake fitowa fili: wanda ya iya karatu ba ya dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba. Nauyin da ya rage yana wuyan hukumomi: su tsare littafin filaye, su kafa turakun iyaka, su kuma bayyana wa jama'a kuɗin kowace takarda cikin Hausa da Barbarci, domin talaka ya san abin da doka ta ɗora masa kafin ya sallama gidansa.