Korar Da Ba A Rubuta Mata Takarda

Jama'a, maganar rashin aiki ita ce a bakin kowa. Ko a tashar mota ta Jega, ko a kasuwar albasa ta Aliero, ko wurin mai shayi a Maiyama, mutum ba zai daɗe da zama ba sai ya ji an ce kamfani ya sallami wane, ko kuwa ɗan wane ya gama makaranta shekara uku ke nan yana zaman kashe wando. Abin akwai ban tausayi. Amma akwai wata kora da ta fi wannan yawa a ƙasarmu, ba a rubuta mata takarda, ba a kuwa faɗinta a rediyo. Ita muke so mu duba tare, gama ita ce ke cin ƙauyuka irin su Katanga.

Lambu ɗaya, baki nawa?

Bari mu ɗauki manomi guda mai noman rani a fadamun ƙasar Jega, inda Gulbin Zamfara ya ratsa. Idan ya yi niyyar shinkafa ko albasa, sai ya nemi masu gyara fangali, da masu dashe, da yaron da zai tsaya kan injin ban ruwa, da masu cire ciyawa. Ran girbi ga masu yanka da bugu, ga mata masu sheƙa da masu turara shinkafa. Bayansu akwai mai sayar da buhu, da 'yan dako, da mai amalanke, da direba, da makaniken inji, har da mai abincin da take kai tuwo bakin gona. Dukansu a jikin lambun nan suke ci.

To, ran da manomin nan ya ƙidaya kuɗinsa ya ga rabin filin kaɗai zai iya nomawa, ya sallami rabin mutanen nan ke nan. Ba wanda zai ba su takarda, ba su da garatuti, ba su da ƙungiyar da za ta yi magana dominsu. Sai dai a wayi gari a ga samari sun ɗaure kaya sun tafi cin rani Ikko ko Abuja, waɗansu kuma sun koma kabu-kabu da babur ɗin wani.

Me ke sa manomi ya rage fili? Na farko shi ne man fetur. Kafin ran 29 ga Mayu 1999 ba mu zance ba, mu tsaya kan ran 29 ga Mayu 2023, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin mai. Kafin ranar, farashin gwamnati bai kai Naira 200 a lita ba. Cikin 'yan kwanaki ya wuce Naira 500 a nan Arewa, a watan Oktoba 2024 kuwa ya haura Naira 1,000. Injin ban ruwa bai san wahala ba, abin da ya saba sha shi zai sha. Na biyu shi ne jari. Shirin rancen manoma na Babban Banki, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, ya jawo mutane da yawa cikin noman shinkafa, amma a ƙarshen 2023 bankin ya tsayar da ba da sabon rance irin wannan. Na uku kasuwa ce. A watan Yuli 2024 gwamnati ta ba da sanarwar ɗage haraji na kwana 150 a kan shinkafa da masara da alkama da waken da ake shigowa da su. Mai saye ya sami sauƙi, ba mu musa ba. Amma a 2025 kuɗin shanshera ya faɗi, takin zamani kuwa bai sauko ba. Ga kuma ambaliya irin ta 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi ana gab da girbi.

Ƙidayar gwamnati ba ta ganin wannan kora sosai. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aiki sun kai kashi 33.3 cikin ɗari. Da aka sake hanyar ƙidaya a 2023, sai adadin ya koma kashi 4.1, domin a sabuwar hanyar duk wanda ya yi aikin neman kuɗi na awa ɗaya a cikin mako, mai aiki ne. Watau yaron da ya yi dako sau biyu ran kasuwa, sauran kwana shida yana gindin bishiya, a littafi ba ya cikin marasa aiki. Mu da muke zaune tare da shi mun san abin da ke cikin tukunyar gidansu.

Albashi ma ba gado ba ne

Da yawa cikinmu muna tura 'ya'ya makaranta da tunanin cewa in sun sami aikin albashi sun huta ke nan har abada. Dattawanmu za su ba mu labari dabam. A 1975 Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kori dubban ma'aikata, a 1984 aka sake yin wata rage ma'aikatan. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, ta United Nigerian Textiles kuma ta bi sahu a 2007. Mutanen da suka yi shekara ashirin a gaban inji suka dawo gida hannu rabbana. Na kusa-kusan nan, shirin N-Power da aka fara a 2016 yana biyan matasa Naira 30,000 a wata, a 2020 aka sallami rukuni na farko da na biyu. Kayan aro ba ya rufe katara.

Kada a ɗauka muna kushe karatu ko aikin gwamnati. Mu kanmu makaranta ce ta kawo mu inda muke, ƙauye kuwa yana bukatar malamai da ma'aikatan asibiti da malaman gona. Abin da muke cewa shi ne, kada mutum ya saki reshe ya kama ganye. A cikin waɗanda aka sallama, wanda ya bar gonar gado a hannun ƙanensa ana nomawa ya sami wurin komawa. Wanda ya sayar da tasa ya sayi kayan ɗaki, shi ne ya dawo yana ƙwadago a gonar da dā tasa ce.

Wani saurayi zai ce, "Ni ban yi karatu don in koma kan fartanya ba." Mun ji. Amma dubi jerin mutanen da muka lissafa a jikin lambu ɗaya. Ba duka ne ke duƙawa ba. Wa zai gyara inji? Wa zai haɗa faifan hasken rana ya kula da shi? Wa zai riƙe littafin ƙungiya, ya bi farashin albasa a kasuwannin Kudu ta waya don kada dillali ya cuci manomi? Mai karatu ne ya fi dacewa da waɗannan. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, a bakin ƙofarmu. Ya kamata ilimin da ake samu a can ya riƙa sauka fadama.

Abin da ke hannunmu

Tun da yake a rani ne ake wannan kora, a rani za mu tsare aiki. Ga shawarwari huɗu.

Na ɗaya, mu haɗa kai kan ruwa. Manomi ɗaya ba zai iya sayen injin ban ruwa mai aiki da hasken rana ba, amma maƙwabtan fili za su iya. Mu yi lissafi: mutum 20, kowa ya zuba Naira 2,000 a mako, Naira 40,000 ke nan. Cikin mako 26, watau wata shida, an tara Naira 1,040,000. Adashi da gayya ba baƙin abu ba ne a wurinmu. Sai dai a sa doka, a rubuta kome a littafi, a zaɓi ma'aji mai amana, a riƙa karanta lissafi a gaban kowa. Ƙungiyoyi da yawa sun watse saboda kunyar tambayar ina kuɗi.

Na biyu, mu gyara ajiya. Kowa ya san albasa ba ta da daraja ran girbi, sai damina ta yi nisa take tsada. Abin da ke hana mu jira shi ne ruɓa da matsin bashi. Kada a cika wa albasa takin yuriya a ƙarshe. A ɗauke mata ruwa kamar mako biyu kafin cira, a bar ta ta sha iska a inuwa har wuyanta ya bushe, a ware mai rauni, sa'an nan a zuba a rudu mai tsawo daga ƙasa, inda iska ke ratsawa, a riƙa dubawa ana tsince wadda ta lalace. Buhun da ya tsira daga ruɓa, shi ne kuɗin ƙwadagon baɗi.

Na uku, kada mu fitar da kome ɗanye. Matanmu gwanaye ne wajen turara shinkafa, da matsar man gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da shanya tumatir da tattasai, da turkar tumaki. Kowace sana'a cikin waɗannan aiki ne da ya tsaya a gari. Maigida ya ba matarsa jari da lokaci, kada ya raina.

Na huɗu, mai albashi ya san haƙƙinsa tun yana kan aiki. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da ɗaukarsa. Ta kuma ce wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar a ba shi gargaɗin mako biyu kafin sallama, wanda ya kai shekara biyar ko fiye kuwa wata ɗaya. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda ya rasa aiki, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, ya karɓi kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara a asusun fanshonsa. In kuɗin nan ya shigo, a sa shi inda zai haihu. Kada ya tafi a ƙarin aure ko bukin nuna isa.

Ba mu ce gwamnati ta wanke hannunta ba. Muna roƙon Gwamnatin Jiha da Ƙananan Hukumomin Jega da Aliero da Maiyama su kawo taki da iri kafin lokacin shuka, su miƙa su hannun manomi na ainihi, su gyara hanyoyin shiga fadama, su kuma ƙara malaman gona. In za a buɗe ƙofa ga abincin waje, a tuna da wanda ya ci bashi ya noma na gida. Kadada ɗaya da aka taimaka aka noma da rani ta fi buhun tallafi riƙe gari.

A ƙarshe, 'yan'uwa, wanda aka sallama daga aiki ba abin dariya ba ne, ba kuwa rago ba ne. Mai fili fiye da ƙarfinsa ya ara masa fangali biyu. Mai sana'a ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa. Masu unguwa da limamai da fastoci da shugabannin matasa su zauna tun kaka, su ƙidaya filin da zai kwana banza da samarin da ke shirin tafiya, su ga yadda za a haɗa su. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu rani mai aiki.