JINGINAR GIDA AMANA CE, BA GANIMA BA

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ya ɗan'uwa mai wadata a Aderbissinat, da kai nake magana. Idan damina ta yi gardama, dabbobi suka rame, farashinsu ya faɗi a kasuwa, maƙwabcinka zai zo maka da takardar gidansa ko ta fegi yana neman rance. Ka ba shi jika 500 a kan gidan da ya kai miliyan 3, ka ce in wa'adi ya cika bai biya ba, gida ya zama naka. Kana kiran wannan dabarar kasuwanci. A shari'a sunansa cin dukiyar mutane da ɓarna.

Jingina halal ce, Suratul Baƙara aya ta 283 ta zo da ita. Amma tabbaci ce na bashi, ba ta mayar da kai mai gida. Imamu Malik ya kawo hadisi a Muwaɗɗa da ya hana a cinye jingina, kuma ya fassara shi da irin wannan sharaɗi naka. Sharaɗin ɓatacce ne ko da mai gidan ya sa hannu. In biya ya gagara, a sayar da gidan da farashin kasuwa, da yardar mai shi ko da umarnin alƙali, ka ɗauki haƙƙinka, ka mayar masa da ragowar.

Haka nan idan bashin rance ne, ba ka da ikon zama a gidan ko karɓar kuɗin hayarsa, domin rancen da ya jawo amfani riba ne. Kada ka ce ai shi ya yarda. Wanda babu tsabar hatsi a ɗakinsa, me zai ƙi?

Dubi Amurka a shekarar 2008. Bankuna sun ba da bashin gidaje da ruwa, suka riƙa sayar wa juna basussukan, har bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumba. Miliyoyin iyalai suka rasa muhallinsu, manyan kamfanoni suka saye gidajen da araha suka zuba 'yan haya. Abin da suka yi da dala, shi kake yi da sefa.

Ga abin da ya hau kanka. Ka rubuta bashin a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta yi umarni, kuma a kai maganar fili gaban hukumar COFO domin a sami takarda. In wanda kake bi yana cikin ƙunci, aya ta 280 ta ce a jinkirta masa har ya samu sauƙi, yafewa kuwa ta fi alheri. In ka riga ka ci haya ko ka riƙe gidan wani, ka mayar tun kana da numfashi, kada magadanka su gaji wuta.

Allah Ya tsare mu da haƙƙin bayinSa. A tura wa 'yan'uwa.