Bayan Fiɗa, Kada A Yi Jiran Gawon Shanu

Yau filin namu na waɗanda aka yi wa fiɗa ne saboda ciwon nan na mara da likitoci ke kira endometiriyosis, suka warke, yanzu kuma suna neman haihuwa. Wasiƙun da ke zuwa mini daga Fagge da Sabon Gari duk tambayarsu guda ce: an yi aiki, ɗinki ya kame, to, sai me? Amsata ita ce, watannin farko na bayan aikin nan su ne jarinki, kada ki bar su su salwanta a zaune.

Bari mu fara da sanin ciwon. A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa mai laushi wadda ke kauri kowane wata, idan ciki bai shiga ba ta zube, ita ce jinin haila. To, a jikin wasu mata akan sami tsoka irin wannan ta tsiro a waje da mahaifa, a kan jakar ƙwai, ko bututun ƙwai, ko bayan mahaifa. Ita ma tana kumbura tana zub da jini kowane wata, amma ba ta da ƙofar fita. Daga nan sai ciwon mara mai tsanani, da zafi wajen kwanciyar aure, kayan ciki kuma su manne da juna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa tana da shi, watau mata wajen miliyan 190. Ashe ke nan ba jifa ba ne, ba kuwa aikin kishiya ba. Ciwo ne kamar kowane ciwo, da yawa daga masu shi kuma suna haihuwa.

Abin da likita ke yi wajen fiɗa shi ne ya yanke ko ya ƙone wannan tsoka, ya raba abin da ya manne, domin ƙwai ya sami hanya. Sau da yawa ba a tsaga ciki, sai a yi ƙananan huda a zura madubi mai fitila. Aikin yana taimako, amma kada wani ya ce miki tabbas ne. A 1997 likitocin ƙasar Kanada suka ba da labarin gwajin da suka yi da mata 341 masu ƙaramin ciwon. Cikin waɗanda aka cire wa tsokar, wajen 31 cikin 100 suka sami ciki a makonni 36. Cikin waɗanda aka duba kawai ba a cire ba, wajen 18 cikin 100 ne. Kun ga an sami ƙari ƙwarai, amma kun ga kuma mafi yawa ba su samu ba a wannan lokaci. Ga shi kuma ciwon yakan sake tsirowa sannu a hankali, shekaru kuwa ba su tsayawa jiran kowa. Don haka ne nake cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Na farko, kada ki bar asibiti ba ki yi tambaya ba, gama matambayi ba ya ɓata. Ki ce, "Likita, me ka gani a ciki? Ciwon ƙarami ne ko ya yi nisa? Bututun nan biyu a buɗe suke? An taɓa jakar ƙwai? Yaushe zan koma shimfiɗar maigida?" Ki roƙa a rubuta miki a takarda, ki adana ta inda kike adana sarƙarki ta zinariya. Duk likitan da za ki gani nan gaba ita zai fara nema.

Na biyu, ki faɗa wa likita a fili cewa haihuwa kike nema. Akwai ƙwayoyi da allurai da akan bayar bayan aiki domin su kwantar da ciwon, suna kuwa sauƙaƙa zafi, amma yawancinsu suna hana ƙwai fita muddin ana shan su, ba su kuma ƙara wa mace damar samun ciki bayan ta daina. Kunya kada ta sa ki karɓi maganin wata shida alhali kina ƙirga kwanaki a gida. Ku yi shawara, ki san abin da kike sha da dalilinsa.

Na uku, lissafi. Mu da muka yi koyon aikin malanta an hore mu da cika rajista kowace safiya, ke ma ki buɗe taki. Ki sami kalanda, ki sa alama ran da jini ya fara, ita ce rana ta 1. Ƙwai yakan fita kamar kwana 14 kafin haila mai zuwa. Idan tsakanin farkon hailarki da farkon mai biye kwana 28 ne, ƙwai zai fita wajen rana ta 14, kwanakin da suka fi dacewa kuwa daga ta 9 zuwa ta 15. Idan kwana 32 ne, wajen rana ta 18 ke nan, sai ki lura daga ta 13 zuwa ta 19. Ƙwan mace ba ya wuce yini da kwana, amma maniyyi yakan rayu har kwana 5 a jikinta. Wadda ba ta son wahalar lissafi, saduwa kowane kwana 2 ko 3 ta wadatar.

A nan fa akwai abin dubawa a gidajenmu. Maigida ɗan Kantin Kwari ne, ya tafi Legas sarin kaya ko ya haye Dubai, ya dawo kwanakin sun wuce. Ko kuwa ku huɗu ne a gida, kwana bibbiyu, sai ki yi kwana 6 girki bai zagayo kanki ba. A haka wata uku za su shige, a ce aiki bai yi ba, alhali ba a ko gwada ba. Ki nuna wa maigida kalandar nan cikin ladabi, ya daidaita tafiyarsa. In kuna zaman mutunci da abokiyar zamanki, neman musayar kwana da yardarta ba abin kunya ba ne. Ku kuma uwargidaye, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Na huɗu, maigida shi ma a auna shi. Ma'aurata da yawa da ke neman haihuwa, matsalar daga wajen namiji take, ko daga su biyun. Gwajin maniyyi ba yanka, ba allura, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na fiɗa ba. Ko yana da 'ya'ya da wata, jiki yakan sake da shekaru da rashin lafiya. Ba daidai ba ne mace ta kwanta a ƙarƙashin wuƙa, namiji ya ƙi tafiyar awa guda.

Na biyar, ki yi hattara da masu ba da magani a baki. Kowace ƙawa tana da wanda ta sani a kasuwar Sabon Gari, kowace gwaggo tana da saiwar da ta yi wa wance amfani. Ƙwayar sa ƙwai fita, irin su Clomid, ba ta buɗe bututun da ya toshe, shanta ba da awon likita ba kuma yana iya kumbura jakar ƙwai. Matsi da cushe-cushe kuwa ba su kai inda ciwon yake, sai dai su jawo wani ciwon. Abin da ya kamata ki sha kullum shi ne ƙwayar folik asid, ƙarama mai araha, tun kafin ciki ya shiga, domin tana kare jariri daga nakasar ƙashin baya.

Na shida, ki yanka wa kanki wa'adi. Idan shekarunki ba su kai 35 ba, ciwon kuma ƙarami ne, ki gwada wata 6 zuwa 12. Idan kin kai 35, wata 6 sun isa, domin daga nan ƙwai ke raguwa da sauri. Idan an ce bututu a toshe suke ko ciwon ya yi nisa, kada ki jira ko kaɗan. Ki koma wurin wanda ya yi miki aiki, ko sashen mata na Asibitin Murtala, ko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Akwai matakai a gaba: hoton bututu, awon yawan ƙwai, sanya maniyyi cikin mahaifa, har da haɗa ƙwai da maniyyi a waje a mayar ciki, dabarar da aka fara haihuwa da ita a Ingila a 1978, ana kuma yin ta a Nijeriya. Tana da tsada ƙwarai, ba kuma kullum take kamawa ba, saboda haka gara a san da ita da wuri a fara tanadi. Kada kuma ki yi gaggawar neman fiɗa ta biyu, domin duk yankan da aka yi a jakar ƙwai yana rage ƙwan da ya saura.

In Allah ya sa kika ga ɓatan wata, ki je awo da wuri a tabbatar cikin a mahaifa ya zauna. Idan kika ji ciwo mai tsanani a gefe guda na mara, da ɗigon jini ko jiri, a kai ki asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Iyayena surukai, ina roƙonku da girman Allah ku sassauta gori. Yarinyar nan tana fama da abin da ba ku gani. Haihuwa kyauta ce ta Ubangiji, babu mai ba kansa, amma Shi ne kuma ya ba mu hankalin ƙirga kwanaki da ƙafar zuwa asibiti. Allah ya ba masu nema 'ya'ya masu albarka, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.