SHARHI: Me ya sa binciken kimiyya ba ya isa ɗakin gashin ƙashi?

A watan Disambar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan kula da ciwon ƙugu mai daɗewa, inda ta ce ciwon ƙugu gaba ɗaya ya addabi mutum miliyan 619 a 2020, ta kuma yi hasashen za su kai miliyan 843 nan da 2050. Hukumar ta shawarci ma'aikatan lafiya da su daina dogaro da na'urar jan baya, da ɗamarar ƙugu, da na'urar da ke aika ƙaramin lantarki ta fata don rage raɗaɗi. A maimakonsu ta fifita motsa jiki bisa tsari, da tausa, da wayar da kan majinyaci game da ciwonsa.

Duk wanda ya taɓa raka ɗan uwa sashen gashin ƙashi a asibitocin Najeriya ya san cewa har yanzu ana amfani da irin waɗannan na'urori. Shin masana gashin ne ba su yarda da binciken ba?

Nazarin da aka wallafa a Amurka a 2003 ya gano cewa yawancin masu wannan sana'a sun amince hujjar bincike na inganta aikinsu, amma ƙarancin lokaci ne babban abin da ke hana su bibiyarta. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya a wasu ƙasashe sun nuna kusan hakan. Ke nan yarda tana nan, aiki da ita ne ya gagara.

A Najeriya dalilan sun fi haka yawa. Na farko, ma'aikatan sun yi kaɗan, kuma ƙwararru na ci gaba da tafiya Ingila da Kanada da ƙasashen Larabawa. Wanda layin marasa lafiya ke jiransa tun safe ba shi da sukunin zama ya karanta mujallar kimiyya. Na biyu, majinyacin da ya biya daga aljihunsa yana son ya ga na'ura a jikinsa. Idan aka ce ya je gida ya riƙa atisaye, sai ya ɗauka ba a yi masa komai ba, wataƙila ma ya koma wajen mai ɗori. Na uku, a asibitin da girma ke gaban hujja, da wuya ƙaramin ma'aikaci ya ce wa shugabansa an daina yayin abin da ya koya shekara 30 da suka wuce.

Akwai kuma ƙorafin da ke da tushe: galibin binciken an yi shi ne a ƙasashe masu arziki, kan mutanen da rayuwarsu ta bambanta da ta manomi ko ɗan dako. Amma maganin wannan shi ne a zuba kuɗi a binciken cikin gida, a cibiyoyi irin su Jami'ar Bayero da Asibitin Ƙashi na Dala.

Haɗarin aiki da zato ba ƙarami ba ne. An daɗe ana ganin gaggauta tayar da mai shanyewar ɓarin jiki alheri ne zalla, sai wani gwaji kan mutum fiye da 2,000 da aka wallafa a mujallar Lancet a 2015 ya nuna cewa yawan motsa shi cikin awa 24 na farko na rage damar murmurewarsa.

Samun bayanan ma ba shi ne babban cikas ba, domin rumbun PEDro da ke Ostireliya kyauta ne ga duk mai intanet. Abin da ya rage na hukumomi ne. Hukumar MRTB, wadda aka kafa a 1988 don kula da masu wannan sana'a, na da ikon tsaurara sharaɗin ƙarin ilimi kafin sabunta lasisi. Hukumar inshorar lafiya ta NHIA kuma na iya karkatar da biyanta ga jinyar da aka tabbatar da amfaninta. Gwamnati kuwa har yau ba ta cika alƙawarin Abuja na 2001 na ware kashi 15 cikin 100 na kasafinta ga lafiya ba. Muddin haka ta ci gaba, talaka zai ci gaba da biyan kuɗin jinyar da kimiyya ta riga ta wuce.