Takobin kwali

Yara da yawa a yau sun san wasan bidiyo. Wasu a wayar salula ta yayyensu suke ganinsa, wasu kuma a rumfar unguwa, inda ake biyan ƴan kuɗi a zauna gaban telebijin. A cikin waɗannan wasanni akwai kaya iri-iri: takobi, garkuwa, diga, makulli, akwati. Ba a iya taɓa ko ɗaya daga cikinsu, domin hoto ne kawai. Batir na ƙarewa, su ma sun tafi.

Amma akwai mutanen da ba su tsaya ga kallo ba. Sukan dubi kayan wasan da kyau, su nemo kwali da tsumma da soso, su ƙera irinsu da hannu. A ƙasar Japan abin ya yi ƙarfi ƙwarai. A shekarar 2003 aka fara wani babban taro a birnin Nagoya, inda masu yin shiga irin ta jaruman wasanni da finafinan zane suke zuwa daga ƙasashe da dama, su nuna abin da suka ɗinka da abin da suka ƙera. Galibinsu manya ne, kuma wani yakan yi makonni yana fama da garkuwa ɗaya.

Ɗan lakwal ma yana iya wannan aiki, kuma ya kamata a bar shi ya yi. Wasu iyaye suna cewa ɓata lokaci ne. Kafin a yarda da maganarsu, a duba abin da yaro yake yi idan ya zauna ƙera takobi guda.

A ɗauki wasan da ake kira Minecraft. Wani mutumin ƙasar Suwidin mai suna Markus Persson ne ya fito da shi a shekarar 2009. A shekarar 2023 kamfanin da ke da shi ya sanar cewa an sayar da fiye da miliyan 300. A wannan wasa kome mai kusurwa ne. Hoton takobi ko na diga an zana shi da ƙananan gidaje masu kusurwa huɗu, gida 16 a tsaye, gida 16 a kwance. Idan aka ninka 16 sau 16, gida 256 ke nan. Ba duka ake shafa wa launi ba, sai waɗanda takobin ya bi ta kansu.

Yaron da yake son irin wannan takobi, da littafinsa na lakwal zai fara, tunda shafukansa ma gida-gida ne. Zai ware gida 16 a kowane gefe. Sa'an nan ya dubi hoton, ya ƙirga, ya cika gidajen ɗaya bayan ɗaya. In ya tsallake gida ɗaya tak, takobin zai karkace, kuma ba sai malam ya faɗa masa ba, da idonsa zai gani. Sai ya goge ya sake.

Daga nan sai maganar girma. Abin da ke cikin littafi bai fi tafin hannu ba sosai, shi kuwa yana son wanda zai riƙe. Sai ya ce kowane gida zai zama santimita 3 a kan kwali. Gida 16 ya zama santimita 48. Da yake takobin a karkace yake kwance, daga wannan kusurwa zuwa waccan, tsawonsa zai kai wajen santimita 68. In ya ga ya yi wa ƙanensa tsawo, sai ya mai da gida santimita 2, ya sake lissafi. Wannan shi ne darasin awo da na ninkawa. Yaron da yake hamma a aji in an zo kan su, ga shi yana yin su a tsakar gida ba wanda ya sa shi.

Kwali ma yana da nasa darasi. In aka yaga bakinsa za a ga wata takarda mai lanƙwasa a tsakiya, ta yi ƙananan hanyoyi a jere. Kwali yana saurin lanƙwashewa ta bin waɗannan hanyoyi, amma yana da tauri in an gitta su. Saboda haka falle ɗaya ba ya yin takobi. Sai an yanka falle uku, a sa hanyoyin na tsakiya su gitta na sauran biyun, a manna su, a ɗora dutse a kai har su bushe. Wanda ya sa siririn kara a cikin ƙota, nasa zai fi daɗewa.

Abin mannawa ba sai an je kanti ba. Ƙaro in an jiƙa shi yana kama takarda. Garin rogo ko na alkama in an dama shi a wuta ya yi kauri, shi ma yana kamawa. Launi kuwa, akwai gawayi, akwai jar ƙasa, akwai guntun alli, akwai shunin wanki, wanda ya yi kusa da launin takobin lu'ulu'u na cikin wasan. Tsohon takalmin soso da ya tsinke yana yin maɗaurin garkuwa. Su ma manyan masu wannan aiki a ƙasashen waje da wani irin soso mai kama da shi suke yin yawancin kayansu, sai dai su saye suke yi.

Wani zai ce ai wannan kwaikwayo ne, yaro bai ƙago kome ba, kayan wasu kawai ya kwafa. Gaskiya ne. Amma ɗan maƙeri da kwaikwayon lauje yake farawa, yaron tela kuma da bin zanen da maigidansa ya yi masa. Yaran ƙasar Hausa sun daɗe suna yin mota da kara da waya da gwangwani, ba wanda ya ce musu laifi ne don ba a garinsu aka ƙera mota ba. Abin da ya rage wa malami shi ne ya ja yaron gaba kaɗan. Wanda ya iya zana digar Minecraft a gida 16, a ce masa ya zana hauya, ko kalangu, ko takobin Abzinawa da kubensa. Nan ba hoton da zai kwafa. Shi zai yanke shawarar inda kowane gida zai zauna, kuma wannan ya fi wuya nesa.

Tsoron iyaye game da wasan bidiyo kansa yana da dalili. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtukan da ta sani. Yaron da ya kwana yana latsa waya, da safe barci zai yi a aji. Sai dai mai yankan kwali ya riga ya ajiye waya. Hannunsa biyu suna aiki, ƙannensa mata da maza suna riƙe masa, suna gardama kan launi.

Akwai inda dole a tsawata. Ba kowane abin bola ne ake ɗauka ba. Tsohon batir, gwangwanin maganin ƙwari, allura da kwalaben asibiti, duk guba ne ko hanyar cuta. Bakin gwangwani da tsatsa ta ci yana yanka, ciwon kuma yana iya kawo sarƙewar haƙora. Ba a ƙona roba don a lanƙwasa ta, hayaƙinta yana cutar da ƙirji. Yanka da reza ko wuƙa aikin babba ne; yaro ya tsaya ga almakashi.

Sai kuma bindiga. Wasanni da yawa cike suke da ita, kuma yara suna sha'awar ƙera ta. Wannan kam a hana, ko da ta kwali ce. Daga nesa, ko da magariba, ba kowa ne zai bambanta ta wasa da ta gaske ba. A Amurka doka ta ce a sa wa bakin bindigar wasa launin lemo mai haske. Duk da haka, a shekarar 2014, a birnin Cleveland, ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 12 da yake wasa da bindigar roba wadda wannan alama ta fita daga bakinta. A garuruwan da sojoji suke tsare hanya saboda rashin zaman lafiya, haɗarin ya fi haka. Takobin Minecraft ba shi da wannan matsala: shuɗi ne, bakinsa hawa-hawa kamar matakala, ko daga ƙarshen titi an san kwali ne.